Shafukan da Na Tsallake wa Baba

Ni ce 'yar farin Baba, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ina ƙarama "ke" ce, ko "yarinyar ga". Da na fara koyarwa a wata makarantar sakandare a Birnin Kebbi sai na samu ƙarin girma, na koma "Malama". Ƙannena suna iya zama kusa da shi su yi ta zuba, har su sa hannu a kwanonsa. Ni kuwa gaisuwa ce daga bakin ƙofa, a durƙushe, ya amsa yana kallon wani wuri, in tashi in ba shi wuri. Ba ƙiyayya ba ce, kowa a gidanmu na Argungu ya san haka ake yi da ɗan fari. Amma abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Baba manomin shinkafa ne, in ruwa ya ja baya kuma ya ɗauki homarsa ta kamun kifi ya nufi gulbi. Karatun boko a ajin yaƙi da jahilci ya same shi, ina goye a bayan Inna, kuma tun da ya kama shi bai sake ba. Ko takardar da aka ƙunso masa ƙosai sai ya karance ta tas kafin ya yar. Bayan rasuwar Inna da 'yan shekaru sai cutar yana ta fara rufe masa ido, na dama tukuna, sannan na hagu. Muka kai shi wurin likitan ido a Birnin Kebbi. Likita ya ce aiki ne ƙarami, za a cire yanar ya koma gani, amma kada a bari ta tsufa a idon, don in ta daɗe takan jawo abin da ba ya gyaruwa. Baba ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, muka fito, ya ce a kai shi tasha.

Mun san dalili. Yayansa ma yanar ta taɓa kama shi, wani mai aikin ido na gargajiya da ke bin kasuwanni ya soka masa allura, kuma har ya koma ga Allah bai sake bambance dare da rana ba. Baba ne ya riƙe masa kai a ranar.

"Ƙarhe ba shi shiga idona, Malama," ya ce da ni a mota. "Abin da nig gani duniya ya ishe ni."

Ƙannena suka yi magana, limamin unguwa ya yi, Gwaggo ta yi har da kuka. Gwaggo ƙanwarsa ce, mijinta ya rasu ta dawo gida tana kula da shi, kuma ita kaɗai ce ke iya faɗa masa baƙar magana ta kwana lafiya. Ita ma ya yi biris da ita. Wata biyu, wata uku, idon yana ƙara fari, mu kuma muna kallo.

A wannan lokacin ne wani littafi ya shigo ɗakin malamai na makarantarmu ya hana kowa sakat. Ni na sayo shi a unguwar Nasarawa, wurin wani dattijo da ke sayar da ragowar littattafan hikaya a gefen katin waya, tun da yanzu karatun ya koma cikin waya. Kashi uku ne, takardarsa irin mai saurin yin ja. Labarin wata budurwa ce da ta yi karatun tonon kayan tarihi, ta je wani kufai mai ganuwar dutse tana tono, ta ci karo da wata tukunyar tagulla mai rubutu a jiki. Wasu 'yan fasa-ƙwauri da ke fitar da irin waɗannan kaya ƙasashen waje suka samu labari suka biyo ta. Hukuma kuma ta turo wani ɗan leƙen asiri ya yi shigar ɗan kasuwar albasa, ya kafa rumfa kusa da kufan yana sa ido. Daga nan sai gudu, da harbi, da rami a ƙarƙashin ganuwa, da tsere a kwalekwale har bakin iyaka.

Kowa da abin da ya gani a ciki. Malamin tarihi ya ce marubucin bai taɓa ganin inda ake tono ba, don masu wannan aiki da ɗan buroshi suke share ƙasa a hankali, ba wanda ke ɗaukar galma ya fito da tukunya kafin azahar. Ya faɗi haka, amma shi ya fi kowa riƙe kashi na biyu, sai da na bi shi har gida a Gesse na karɓo. Malamin addini ya ce shi tonon nan bai kwanta masa ba, wa ya san ko kabarin bayin Allah ne ake bankaɗewa. Mataimakin shugaban makaranta ya ce bindigar ɗan leƙen asirin ta fi rijiya, harsashi ba ya ƙarewa. Ƙawata malamar lissafi kuwa ta ce su duk sun ɓata lokacinsu, ita ba tukunya ta kai ta ba, soyayyar da ke tsakanin yarinyar da ɗan leƙen asirin take bi, sauran duk cikon shafi ne. Ni a nawa ganin kashi na biyu ya cika jan rai, amma tseren kwalekwalen ya yi, har na ƙona miya a kansa.

Wata Asabar na je Argungu da kashi na ɗaya a jaka. Damina ta yi nisa, daga mota ana hango fadamar Zauro ta yi kore shar, ruwa na ƙyalli a tsakanin shinkafa. Na iske Baba a gindin dogonyaron tsakar gida da wata tsohuwar jarida a hannu, ya kai ta har bakin hancinsa, yana juya ta. Bai san na shigo ba. Gwaggo ta ja ni gefe ta ce haka yake yi kullum bayan la'asar, in ya gaji ya ninke ta ya sa ƙarƙashin tabarma. Ta ga littafin ya leƙo daga jakata, sai ta ɗaga murya.

"Yaya, ga Malama ta taho da littahi. Ta karanta muna, ko kai ma ka huta da shinshinar jarida."

Na zaci zai ce a'a. Sai ya matsa gefe guda na tabarmar, ya bar wuri. Ban taɓa zama tabarma ɗaya da Baba ba sai ranar. Na zauna a can ƙarshenta, na ba shi gefe, na fara.

Kafin magariba ya raɗa wa mutanen littafin sunayensa. Yarinyar ta zama "mai tono", ɗan leƙen asirin ya zama "mai albasa", shugaban 'yan fasa-ƙwaurin kuma "mai farin takalmi". Ya ce kufan ya yi masa kama da tsohon birnin Surame, inda ya taɓa zuwa yana saurayi. Yana tsayar da ni ya ce in maimaita wuri, ko ya yi tsaki, ko ya ce "madalla" in an tsira. Da na rufe littafin ya ce, yana fuskantar bishiya, "Asabar mai zuwa akwai makaranta?" Na ce babu. Na koma Birnin Kebbi da farin cikin da na daɗe ban yi irinsa ba.

Matsalar ta zo a Asabar ta gaba. Ruwa ya tsare mai tono da mai albasa a cikin wata bukka, su biyu, wuta na ci, sai marubuci ya saki alƙalami. Ba wani abin assha ba ne, kallo ne da maganganu masu taushi, da yadda zuciyarsa ta buga da mayafinta ya zame. Amma a ce ni, 'yar fari, in buɗe baki in karanta wa Baba "zuciyata ta kamu da sonki" a tsakar gidanmu? Harshena ya ƙi. Idona ya yi tsalle ya sauka inda aka ce gari ya waye ruwa ya ɗauke, na ɗora daga nan.

Daga ranar abin ya zama sana'a. Kafin in taso daga Birnin Kebbi nakan duba inda za mu karanta, in san wuraren da zan haure. Inda ya riƙe hannunta a cikin rami, na haure. Inda ta ɗaure masa rauni tana kuka, na bar ɗaurin raunin na cire kukan. Inda ya faɗa wa abokin aikinsa cewa ba zai iya rayuwa ba ita ba, shafi guda da rabi na ɗage gaba ɗaya. Na ƙware har ba na ko sauya numfashi. Littafin da Baba ke ji ya zama na tono da harbi zalla, mutum biyu suna gudu tare ba gaira ba dalili.

To Baba ba ya barin abu ba dalili. Muna tsakiyar kashi na biyu ya ɗaga hannu ya ce in dakata.

"Wanga mai albasa ɓarawo na."

Gwaggo tana tsintar shinkafa a faifai, ta ɗago. "Kai Yaya, mutumin da ad da aikin hukuma?"

"Hukuma ta ce shi sa ido, ba ta ce shi bi ta rami ba. Ubangidanai ya ce shi koma gida, yaƙ ƙiya. An harbe shi ga kahwaɗa, bai koma ba. Ba ɗiyatai ta ba, ba ƙanwatai ta ba. Mi yak kai shi? Mutum ba shi sai da rainai banza. Tukunyag ga shi ka so, ku sa ido ku gani."

Na sunkuyar da kai cikin littafi. Gaskiya ne, in aka cire son, duk abin da mai albasa ke yi ya zama abin tuhuma. Duk alherin da ya yi wa mai tono sai Baba ya ce dabara ce, yana lallaɓa ta ne har ta nuna masa inda ta ɓoye tukunyar. Ya fara jin tausayinta sosai. Ya ce yarinya ce mai ilimi amma ba ta san mutane ba, da tana da uba a kusa da ya ja mata kunne.

Ranar Litinin na kai wannan ra'ayi ɗakin malamai, ban faɗi tushensa ba. Aka yi ca. Malamin tarihi, wanda ya karance littafin har ƙarshe ya san yadda aka ƙare, ya dafe haɓa ya ce dattijon nan yana da zurfin tunani, ai in aka duba da kyau marubucin ya bar wannan ƙofa a buɗe. Mataimakin shugaba ya ce shi ma tun farko bai yarda da mai harsashin nan ba. Daga nan duk Litinin kafin in ajiye jaka sai an tambaye ni, "Me Baba ya ce?" Malamar lissafi ce kawai ta tsare ni a bayan aji ta ce in gaya mata gaskiya, wane irin karatu nake yi wa tsohon nan da har bai ga soyayyar da makaho ma zai shafa ya ji ba. Da ta ankara da abin da ta faɗa ta kama baki. Na gaya mata. Ta yi dariya har ta zauna a kan dakali, ta ce ita ma da nata uban ne da ko sunan littafin ba za ta iya furtawa ba.

Ni dai ban ga laifin abin ba. Baba yana jin daɗi, yana cin abinci, yana jiran Asabar. Ni kuma na samu abin da ban samu ba tun ina yarinya. Har ya kai in na iso yakan ce wa Gwaggo, "A ba Malama hura ta jiƙa maƙoshi, aiki na gabanta." Maganar likita kuwa na daina tayar da ita, don kada in ɓata zaman. Idon hagun da yake ɗan ganin inuwa da shi ya ƙarasa rufewa a cikin wannan daminar, sai an riƙe masa sanda zuwa masallaci. Ina gani, ina jin tsoro, kuma na yi shiru.

A cikin wannan daminar ne kuma ruwa ya yi yawa ya cinye rabin shinkafar Baba ta fadama. Ƙannena suka haɗa baki kada a faɗa masa. In ya tambaya sai a ce shinkafa ta yi kyau, sai godiya. Ni ma da bakina na faɗa masa haka.

Muka shiga kashi na uku ruwa ya fara janyewa. Mai farin takalmi ya kama mai tono ya ɗaure ta a wani jirgin ruwa a tsakiyar gulbi, ya aika wa mai albasa cewa ya kawo tukunyar. Kafin mai albasa ya kai, akwai wani dogon wuri inda yake zaune shi kaɗai yana tuna ta, yana cewa tukunya dubu ba su kai ranta ba. Na ɗage shi kamar yadda na saba. Abin da Baba ya ji shi ne, mai albasa ya tono tukunyar daga inda aka ɓoye, ya sa a buhun albasa, ya tuƙa kwalekwale ya miƙa wa mai farin takalmi hannu da hannu.

Baba ya buga cinya. "Na hwaɗa maku! Ban hwaɗa maku ba? Ga shi ya kai ma ubangidanai na gaskiya. Tun rumfar albasa nis san shi."

Ya juya wajen da yake jin motsin Gwaggo, fuskarsa cike da nasara. Abin da ban sani ba shi ne, matan maƙwabta sun samu littafin a waya, wanda wani ya karanta da murya, suna saurare in suna gyaran shinkafa, kuma Gwaggo ta ji shi tun daga farko har ƙarshe ba a cire ko wasali ba. Makonni tana danne dariya. Ranar dai ta ƙwace mata. Ta ajiye faifai ta riƙe ciki.

"Yaya, bari zagin bawan Allah. Son ta shi kai! Tun cikin bukka shi ka son ta, gari duka ya sani, kai ɗai ab ba ka ji ba."

"Wace bukka?"

"Wadda ruwa yat tsare su."

"Ruwa ya tsare su, gari ya waye. Mi ag ga bukka?"

Sai a nan Gwaggo ta dube ni, dariyar ta tsaya. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Baba bai tambaye ni ba, don kunyar da ta hana ni karantawa ita ce ta hana shi tambaya. Ya shafa tabarma ya nemo carbinsa, ya riƙe bai ja ba.

Can ya ce, ba da faɗa ba, "Ashe tace man shi a kai, kamar kunun jinjiri."

Gwaggo ta ce za ta aro wayar maƙwabta ya ji da kunnensa. Ya girgiza kai. Sannan ya juyo da fuskarsa daidai inda nake, abin da bai saba yi ba, da fararen idanun nan nasa.

"Malama, shinkafata ta fadama fa? Ita ma an tsallake man wani wuri?"

Ban iya yi masa ƙarya ba. Na ce ruwa ya ci rabi. Ya ce, "To." Ya ce in rufe littafin, la'asar ta yi nisa, kada in rasa mota. Muka bar mai tono a ɗaure a tsakiyar gulbi, na fito ina share hawaye da bakin mayafi har tasha.

Na yi zaton na kashe zaman Asabar da hannuna, kuma ban san da wace fuska zan koma ba. Ana cikin makon Gwaggo ta kira ni ina tsakiyar aji. Ta ce Baba ya ce a tambayi Malama ko likitan nan yana nan, ko ya tashi. Na ce yana nan. Na ji muryarsa daga nesa yana cewa, "Ki ce mata ba don littahi ba na." Gwaggo ta ce, "Ta ji." Sai kuma ya ƙara, "Amma ta aje man shi, duka ukun."

Ranar aikin muka kai shi Birnin Kebbi. Da aka zo shiga da shi ya kama hannun ƙanena ya riƙe gam, na san yayansa yake tunawa. Idon dama aka fara yi. Bai daɗe a ciki ba aka fito da shi da auduga a ido, yana tambaya ko an fasa ne, don shi bai ji komai ba. Washegari aka cire audugar. Ya ƙifta, ya ƙifta, ya dubi bango, ya dubi tafin hannunsa. Sannan ya dube ni, kallo ɗaya, ya kawar da kai wajen Gwaggo.

"Malama ta yi hurhura," ya ce da ita.

Gwaggo ta ce, "Kai kab ba ta ita."

Da idon ya warke aka ba shi tabarau, abin da ya fara yi shi ne ya sa aka kai shi fadama ya ga gonarsa. Ya dawo bai yi wa kowa faɗa ba. Sannan ya karɓi littafin, duka ukun, ya shige ɗakinsa da su. Gwaggo ta ce tun daga shafin farko ya faro, da yatsa yana bin layi, in ta shigo da abinci sai ya kife shi a kan cinya kamar wanda aka kama da satar nama.

A ɗakin malamai an ƙosa a ji hukunci. Zuwa lokacin malamar lissafi ta riga ta tona mini asiri, malamin tarihi ya sha tsiya a kan ƙofar da ya ce marubuci ya bari a buɗe. Hukuncin ta bakin Gwaggo ya iso mini, don Baba ba zai faɗa mini kai tsaye ba. Ya ce mai albasa ba ɓarawo ba ne, ya janye wannan. Wawa ne dai, amma irin wautar da kowane namiji kan yi sau ɗaya a rayuwa. Ya ce tukunyar kuma da an bar ta inda masu ita suka binne ta da duk ba a sha wannan wahala ba, abin da ya faranta ran malamin addini ƙwarai. Gwaggo ta ce da ya faɗi maganar wauta ta tuna masa wani saurayi da ya taɓa tuƙa kwalekwale cikin ambaliya daga Argungu har Augie, ubansa na hana shi, don kawai ya kai kifi gidan su wata yarinya. Ta ce Baba ya yi tari ya ce ta kawo masa ruwa. Innarmu 'yar Augie ce, kuma ban taɓa jin wannan labari ba sai ranar.

Na yi murna da idon Baba, Allah ya sani. Amma a ƙarƙashin murnar akwai wani abu da nake jin kunyar faɗa. Mai ido ba ya bukatar a karanta masa. Na san zan koma bakin ƙofa, gaisuwa a durƙushe, in tashi in ba shi wuri.

Haka na yi a Asabar ta gaba. Na zo ba komai a jakata sai goro da sabulun Gwaggo. Baba yana gindin dogonyaro da tabarau a fuska, yana gyaran homa. Na durƙusa daga nesa na gaishe shi, ya amsa yana kallon zaren da ke hannunsa. Na yunƙura zan shige wurin Gwaggo.

"Malama."

Na tsaya. Ya ɗaga gefen tabarma ya zaro kashi na uku, ya ajiye a can ƙarshenta, inda na saba zama.

"Idon ga shina gajiya da la'asar. Kuma kin bar mu tsakiyar gulbi."

Gwaggo ta leƙo daga madafa ta ce ai mutumin da ya karance littafi har bango ba a bar shi a ko'ina ba. Ya yi kamar bai ji ta ba. Na zauna, na nemo inda muka tsaya, na ci gaba. Mai albasa ya miƙa tukunyar, aka kwance mai tono, harbi ya tashi, suka faɗa ruwa, suka fito a cikin wata gonar shinkafa jiƙe sharkaf. Baba yana ta ɗinkin homarsa, yana cewa "madalla" a wuraren da ya saba. Sai na hango abin yana tahowa a ƙasan shafi, inda mai albasa ya durƙusa a cikin laka ya kama hannunta. Ban duba wurin tun daga gida ba, don ban san zan yi karatu ba. Muryata ta fara ja da baya, na tsaya a tsakiyar layi.

Baba bai ɗago ba. Ya ja zare ya ɗaure, ya gyara tabarau, yana kallon bishiya.

"Tsallake, Malama. Na karanta wurin ga."

Na juya shafin na ci gaba.